Waiwaye: Daga Asibitin Zana zuwa takardar amincewa

Duk mai son gane dalilin da ya sa uwa a Kano take ja da baya idan likita ya ce mata "bincike muke yi", sai ya koma 1996. A bazarar shekarar sanƙarau ya ɓarke a Arewa, ya kashe mutum sama da 10,000. Ana tsaka da haka kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a Asibitin Zana, asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke Kano, ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara kusan 200. Rabinsu aka ba su Trovan, rabi kuma wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi.

Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa. Iyayen suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ne. Sai a Disambar 2000 jaridar Washington Post ta tono zancen. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75.

Kafin nan an riga an biya wani farashin. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar bisa zargin cewa ɗigon yana hana haihuwa, sai a Yulin 2004 aka ci gaba, bayan an samo maganin daga Indonesiya. Zargin da aka yi wa ɗigon ba gaskiya ba ne, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yaran da suka shanye a tsakani su suka ɗauki nauyin.

An yi gyara. A 2007 Najeriya ta fitar da ƙa'idar ɗa'ar binciken lafiya, kuma yanzu sai kwamiti ya tantance bincike kafin a taɓa majinyaci. Gwajin maganin hydroxyurea don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, an yi shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Murtala, da likitocin gida a gaba.

Sai dai a ganina gyaran ya fi yawa a takarda. Ka tsaya a layin asibiti ka gani. Ga mata da goyo tun asuba, an miƙa mata takardar amincewa mai shafuka da yawa, an nuna mata inda za ta dangwala yatsa. Ko an mayar da takardar Hausa, Hausar boko ce mai nauyi, alhali ita allo ta yi, ajami take karantawa. Ta ce, "Likita, bari in shawarci maigida." Wasu masu binciken ƙi suke ɗaukar wannan amsar, su tsallake ta. To ai ba ƙi ba ne, haka ake yanke magana a gidan. Wadda ke cikin kulle a lungun Ƙofar Mazugal kuwa, da almajiri, da kurma, ba su ma shiga lissafin.

Sannan idan an gama, sakamakon sai ya tafi mujallar Turanci. Jinin da aka ɗiba na mutanen Fagge ne da Kurna, amma da wuya mai unguwarsu ya ga wanda ya dawo ya ce ga abin da aka gano, a garin da kowane mai shayi rediyonsa a kunne take.