Sunan Stewart da Gidan Sarautar Sikotland

Stewart yana cikin sunayen zuriya mafi yawa a Sikotland, kuma asalinsa sunan muƙami ne, wato mai kula da gidan sarki da dukiyarsa. Sarki David na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1124 zuwa 1153, shi ya naɗa Walter ɗan Alan a wannan muƙami. Kakannin Walter mutanen Dol ne a yankin Brittany na Faransa. Muƙamin ya zama na gado, a hankali ya rikiɗe ya zama sunan gidan.

Ta hanyar aure sarauta ta shigo musu. Walter Stewart, na shida a jerin masu muƙamin, ya auri Marjorie, 'yar Sarki Robert Bruce, ɗansu ya hau gadon sarauta a 1371 da sunan Robert na Biyu. Gidan ya riƙe mulki har rasuwar Sarauniya Anne a 1714. Rubuta sunan da "Stuart" salon Faransa ne, wanda ya bazu tun zamanin Sarauniya Mary da ta tashi a can.

Sai dai suna kaɗai ba ya tabbatar da jini, kuma nan ne masu neman asali suka fi yin tuntuɓe. Manyan gidaje da dama suna da nasu masu kula da gida, waɗanda aikin ya bar wa 'ya'yansu sunan. Talakawa kan ɗauki sunan ubangidan da suke zaune a ƙasarsa don neman kariya. Wasu kuma dole ce ta sa su sauya suna, kamar dangin MacGregor da aka haramta wa nasu a 1603. A Jamaika, bayi da yawa sun gaji sunayen masu gonakin da suka mallake su.

Mai bincike na gaskiya daga kansa yake farawa, ya bi uba da kaka, takarda bayan takarda. A Sikotland, rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta hukuma ta fara a 1855. Kafin nan sai littattafan coci, mafi tsufansu na 1553, masu giɓi da yawa. Tambarin gida kuwa, wato zanen garkuwa da ake gada a zuriya, yana hannun kotun Lord Lyon da ke Edinburgh, wadda rajistarta ta faro a 1672, kuma a dokar ƙasar tambari mallakar mutum ɗaya ne. Wanda ya sayi hotonsa a shagon 'yan yawon buɗe ido don sunansa ya zo ɗaya, kayan wani ya rataya a bangonsa.