Na shiga ajin likitanci karatu ya danne ni, ina zan sa coci da motsa jiki?

Duk shekara idan sababbin 'yan 200 lebul suka fara lakca sai wayata ta cika da saƙonnin ƙannenmu na coci, daga Jos, daga Zariya, tambayoyin kusan iri ɗaya ne, to bari in amsa su a wuri guda.

Yaya, a sakandare ni ke zuwa ta ɗaya, yanzu tes ɗin farko ko 45 ban samu ba. Ko dai ba kirana ba ne?

Kwantar da hankalinki ƙanwata. 100 lebul ai kusan maimaicin sakandare ne, fizis da kemistiri da bayoloji. A 200 ake fara ainihin abin, anatomi da fiziyoloji da bayokemistiri, wato ilimin sassan jiki da yadda suke aiki da sinadaran da ke cikinsa, su taso miki a tare, kuma makin tsallakewa 50 ne. Yawan karatun ne ya canja, ƙwaƙwalwarki tana nan yadda take. Ki daina karanta shafi sau biyar kina ja masa layi, ki karanta sau ɗaya ki rufe littafin ki zana abin da kanki, misali saƙar jijiyoyin nan da ke tashi daga wuya su sauka hannu, inda kika maƙale nan ne ba ki iya ba. Lakcar yau kuma a bita ta yau, don idan ta taru har babbar jarabawar likitanci da ake kira MB ta ƙarato a 300 lebul ba mai iya kwashe ta a mako biyu.

Ranar da muka shiga ɗakin gawa na kasa cin abinci. Yanka gawa ba zunubi ba ne ga Kirista?

Nima warin fomalin, maganin da ake sa wa gawa don kada ta ruɓe, ya sa ni hawaye, na yi kwanaki ban iya kallon nama ba, wannan yana wucewa. Maganar zunubi kuwa, na san abin da ke damunka, Littafin Ƙidaya 19:11 ne inda aka ce wanda ya taɓa gawa ya ƙazantu kwana 7. Wannan dokar tsarkakewa ce ta Isra'ilawa, kuma Yesu da kansa ya taɓa makarar ɗan gwauruwar nan a Nayin, ya kama hannun 'yar Yayirus bayan ta mutu. Abin da nake roƙonka shi ne ka tuna wanda ke kwance a teburin nan mutum ne, yana da uwa, an taɓa kiransa da suna. Kada ka ɗauki hoto, kada ka shiga cikin masu yi masa ba'a. A jikinsa za ka koyi abin da za ka ceci masu rai da shi.

Ina cikin mawaƙa, ina FCS (zumuncin ɗalibai Kirista), ga CMDA (ƙungiyar likitoci da ɗaliban likitanci Kirista) suna nemana, a gida kuma mama ta ce kar boko ya raba ni da Allah. Wanne zan bari?

Muƙamai za ki rage, ba zumunci ba. Ki riƙe hidima ɗaya tak ki yi ta da zuciya ɗaya, sauran ki je wurin shugabanni ki faɗa musu gaskiya cikin ladabi. Ni CMDA na riƙe saboda a can ne na samu 'yan 500 da 600 lebul da suka bi hanyar kafin ni, su yi addu'a da kai kuma su ba ka tsofaffin tambayoyi. Minti 15 da safe da Littafi Mai Tsarki kafin ki taɓa waya, da sujadar Lahadi, waɗannan kar ki yarda su tafi. Amma dan Allah a daina kwanan addu'a ana gobe jarabawa alhali ba a yi karatu ba, na ga waɗanda suka yi haka suka faɗi sannan bangaskiyarsu ta girgiza, abin ya yi min ciwo sosai. In kin kai shekarun asibiti aiki zai riƙa faɗo miki ran Lahadi, kar ki ji laifi, Ubangiji ma ya warkar a ranar Asabar.

Motsa jiki fa, ba ɓata lokaci ba ne?

A'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau 5. Tafiya da sauri daga hostal zuwa aji, tsallen igiya, ƙwallo da yamma, duk sun isa, ba sai ka biya kuɗin jim ba. Wanda ya wuni a zaune awa 10 baya na ciwo barci ya ƙi zuwa, washegari yana gyangyaɗi a lakca, ina ribar? Kuma ka yi nesa da ƙwayoyin hana barci da ake miƙa wa juna lokacin jarabawa.

Idan na faɗi MB ɗin fa?

Akwai damar sake zama, akwai maimaita aji, likitoci da yawa da kake gani a wodi sun bi ta nan. Kar dai ka kulle kanka a ɗaki. Ka faɗa wa iyayenka da wuri, ka nemi babba ɗaya a zumunci ku zauna, in kuma ka ga barci da cin abinci sun gagara har mako biyu, ka je ka ga likita.