Waswasin da ya wuce kima ciwo ne, kuma yana da suna a asibiti

Jama'a akwai abin da ya jima yana damuna a wajen aiki. Kwanaki aka kawo mana wata baiwar Allah, hannayenta duk sun tsattsage saboda sabulu, alwala ɗaya sai ta ƙarar da buta uku, tana gama wanke ƙafa sai zuciyarta ta ce mata anya kin wanke fuska kuwa, ta koma farko, har la'asar ta yi tana bakin rariya tana kuka ba ta yi azahar ba. Shekararta huɗu a haka, 'yan gida suna cewa aljanu ne. Wallahi ta ba ni tausayi.

Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiran wannan OCD, kuma abu biyu ne a haɗe. Akwai tunanin da ke faɗo wa mutum ba da son ransa ba, ya kore shi ya dawo: najasa ta taɓa ni, ban kulle ƙofa ba, ko wani mummunan tunani kan addini wanda shi kansa yake ƙyama har yana kunyar faɗa. Sai kuma aikin da yake ta maimaitawa don hankalinsa ya kwanta, wanki, duba ƙofa, ƙirge-ƙirge, sake kabbara sau goma. Sauƙin na ɗan lokaci ne, kuma shi ke ƙara wa tunanin ƙarfi.

Da can ana lissafa shi cikin cututtukan fargaba, amma a 2013 littafin DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ya ware masa babi nasa, tare da danginsa irin su tsige gashi, tsagar fata da farce, tara tarkace a kasa zubarwa, da ganin wata muni a jiki wadda ba wanda ke gani. Kundin ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya ma ya ware su rukuni guda.

Ba duk waswasi ne ciwo ba fa, kowa yana mantuwa a raka'a. Ma'aunin shi ne abin yana cin fiye da awa ɗaya a rana, ko yana hana mutum aiki, karatu ko zaman lafiya da iyali.

Kuma ana samun sauƙi. Akwai horon da ake koya wa mutum ya fuskanci abin tsoron ya daure bai maimaita ba, a hankali a hankali, akwai magunguna irin fluoxetine da kan ɗauki sati 8 zuwa 12 kafin a ga aikinsu sosai, don haka kar a yi saurin dainawa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Don Allah in kuna da irin wannan a gida ku daina yi masa faɗa, ku raka shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, Barnawa, Kware ko Maiduguri, ko duk wanda ya fi kusa da ku.