Motocin gyaran layin dogo na ƙananan jiragen ƙasa na lambu

Motar gyaran layin dogo ta lambu ƙaramin samfuri ce da masu sha'awar jiragen ƙasa ke ƙerawa da hannu, suna kwaikwayon motocin da ma'aikata ke hawa don duba dogo da kai kayan aiki. An fi yin wannan sana'ar nishaɗi a Amurka da Jamus da Ingila, kuma motar tana gudu ne a kan ɗan layin da faɗinsa milimita 45, wanda kamfanin Lehmann na birnin Nuremberg ya yaɗa tun 1968 da jiragensa masu suna LGB.

Motocin da ake kwaikwayo iri-iri ne. Akwai 'yar kurar nan mai inji da kamfanin Fairmont na jihar Minnesota ya daɗe yana yi, akwai kuma akori-kura mai tayoyin roba da ƙananan ƙafafun ƙarfe, wadda ke bin titi ta kuma hau dogo. Amma wadda ta fi shiga ran maƙera ita ce ta kamfanin jirgin ƙasa na Rio Grande Southern a jihar Colorado. Da kuɗi suka yi masa ƙaranci, daga 1931 ya riƙa sauya tsofaffin motoci su koma ababen hawan dogo, aka yi musu laƙabi da Galloping Goose. Ta shida, wadda aka haɗa a 1934, ita aka keɓe wa aikin gyara, kuma tana gidan tarihin jiragen ƙasa da ke garin Golden a Colorado.

Abin da ke fara ɗaure wa sabon maƙeri kai shi ne ma'auni, don layin ɗaya ne amma jiragen da ke hawansa ba girmansu ɗaya ba. Idan an ɗauke shi a matsayin dogo mai faɗin mita ɗaya, ma'aunin 1:22.5 ne, wato tsawon na gasken ya ninka na samfurin sau 22.5. Idan mai faɗin ƙafa uku ne irin na Colorado, 1:20.3. Babban layi mai milimita 1,435 kuwa 1:32 ke daidai da shi, ko da yake wasu kamfanonin Amurka sun zaɓi 1:29. Motocin wasa na ƙarfe da ake sauyawa a yi aikin da su galibi 1:24 ne, shi ya sa sukan yi ɗan ƙanƙanta kusa da taragun 1:20.3. Abin sha'awa, 1:24 ɗin nan shi ya fi dacewa da dogo mai milimita 1,067, irin tsohon layin Legas zuwa Kano.

Wajen haɗawa, akan cire ƙasan motar wasan a bar bodi, a dasa shi kan ƙaramin injin lantarki mai ƙafafun ƙarfe. Tunda ta layin wutar ke zuwa, dole a raba ƙafar dama da ta hagu da roba, in ba haka ba wuta ta haɗu. Bayan motar ana gina shi da katako ko falankin roba ko tagulla, a ɗora shebur da diga da jarka da guntayen katakon dogo.

Wahalar gaske tana wajen wuta. Motar ba ta da nauyi, ƙafafunta huɗu ne kacal, ƙura kaɗan ko busasshen ganye a kan layi ya isa ya tsayar da ita, musamman a mararraba. Wasu na ɓoye dalma a cikin akwatin kayan aiki don ƙara nauyi, wasu na sa 'yan takalman ƙarfe masu gogar layi. Da yawa sun haƙura sun koma batir da rimot, su lulluɓe batirin da ɗan tamfol kamar kaya.

Fenti ake yi daga ƙarshe, yawanci rawaya ko ruwan lemo, sannan a shafa launin tsatsa da baƙin mai, don motar aiki mai ƙyalli ba ta kama da ta gaske. Akan bi da man kariya saboda rana da ruwan sama.