Kira ga masu gumi, masu injin casa da 'yan kasuwar shinkafa na yankin Kura

Shinkafar da ake nomawa a Kura, Bunkure da Garun Malam da ruwan dam ɗin Tiga takan bi ta hannu huɗu kafin ta kai ga mai dafawa: manomi, mai gumi, mai injin casa da ɗan kasuwa. Mai saye daga Legas ko Fatakwal bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, sunan gari kawai ya sani. Da zarar ya tauna tsakuwa sai ya ce shinkafar Kura ce ba ta da kyau, farashin kowa ya faɗi, har da na wanda ya wahala ya gyara tasa. Don haka gyaran mutum ɗaya ba ya isa. Dole masu sana'ar su zauna su yarda da ma'auni guda.

A fara da iri. In aka gauraya Faro 44 da Faro 52 a buhu ɗaya, mai inji ba zai iya saita injinsa daidai da tsawon ƙwaya biyu ba, sai wata ta karye wata ta fito da ɓawonta. Masu inji su haɗa baki a kan cewa kowane buhun shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a rubuta irinsa a jiki, wanda aka gauraya kuma a rage masa kuɗi. Mai inji ɗaya ba zai iya kafa wannan doka ba, don manomi zai tsallaka wajen maƙwabcinsa ne kawai.

Sai danshi, wanda nan ne mafi yawan asara take. Shanshera tana son ta shiga inji da danshi kusan kashi 14 cikin 100. In ta fi haka sai ta dame, ta kuma yi fumfuna a buhu. In an bar ta ta ƙone a rana, ko raɓa ta sake jiƙa ta bayan ta bushe, ƙwayar takan tsage tun tana cikin ɓawo, sai ta fito a kakkarye, a ɗora wa mai inji laifin da ba nasa ba. Gwaji da haƙori bai isa raba wannan gardama ba. Na'urar awon danshi guda ɗaya da sikeli guda ɗaya, a ajiye su hannun wanda kowa ya amince da shi, sun wadatar da layi guda na injina.

Mata masu gumi su ne gishirin wannan sana'a, amma su aka fi mantawa da su in an kira taro. A wanke shanshera a kwashe wadda ta taso saman ruwa. A jiƙa da ruwa mai zafi, kamar digiri 60 zuwa 70, domin jiƙon ruwan sanyi na kwanaki shi ke kawo wari. Wajen turarawa a sa abu mai huji-huji da zai raba shinkafar da ruwa a gindin tukunya don tururi kaɗai ya ratsa shinkafar, in ba haka ba ta ƙasa ta dahu ta yi baƙi. A shanya a kan tamfol ko daɓen siminti, kaurin bai wuce yatsu uku ba, ana juyawa, a ƙarasa busarwa a inuwa. Shanya a gefen kwalta ita ce babbar hanyar shigar tsakuwa, kuma daɓen shanya mai katanga abu ne da mata goma za su iya haɗa kuɗi su yi, mace ɗaya ba za ta iya ba.

Haka injin cire tsakuwa. Ƙaramin mai inji ba shi da aikin da zai riƙe wannan injin yini guda, amma mutum goma suna da shi. Inda ake samun matsala shi ne bayan an saya. Ana karɓar kuɗin mai kawai, ba a ware na gyara, ranar da rariya ta yage ko bel ya tsinke sai kowa ya noƙe. A yanka kuɗi a kan kowane buhu, a kasa uku: mai ko wuta, ladan mai tuƙa injin, da asusun gyara. Layi ya bi littafi, wanda ya riga zuwa shi ne gaba, ko da shugaba ne ya zo daga baya. Kuɗi ya shiga banki da sa hannun mutum biyu ko uku, kada ya kwana a aljihun kowa, komai amanarsa.

Dokar ƙungiyoyin gama kai ta Najeriya ta amince mutum goma su yi rajista, kuma da takardar rajistar ce ake buɗe asusu da sunan ƙungiya, a tunkari Bankin Masana'antu ko hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, SMEDAN. Amma kada a kafa ƙungiya don jiran tallafi, irin waɗannan ba sa daɗewa. A fara da abin da ake iyawa yau: sarin buhuna da man dizal tare, ɗaukar mota ɗaya zuwa kudu maimakon kowa ya biya rabin mota, da sayar da buntu a dunƙule, tunda kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne, kuma masu gumi na iya ƙona shi maimakon itace. In ƙungiya ta kai matsayin buga sunanta a buhu, sai ta nemi lambar NAFDAC kafin ta kai kaya kanti.