Waiwaye: Lokacin da sunaye suka hau bango, wasa ya sauka daga dandali

Tun ranar 15 ga Oktoban 2024, da aka sauke allon Charles de Gaulle, tsohon shugaban Faransa, daga babban titin nan na Yamai aka kafa na Djibo Bakary, ɗan gwagwarmayar neman ƴancin Nijar, gardamar suna ba ta kwanta ba. A fadar samari ana shan shayi ana yi, a cikin taksi ana yi, a shirye-shiryen rediyo na buga waya ma haka. Wasu na cewa an yi daidai, har an makara. Wasu na tambaya, to Jean Rouch fa, Bafaranshen nan mai shirya fim wanda kabarinsa ke nan Yamai, da aka maye sunansa da na Moustapha Alassane, mai shirya fim ɗan Nijar, a gidan al'adun da kowa ke kira Franko? Kowace jaha kuma tana riƙe da jerin mazajenta, tana jiran ranar da za a rubuta su a ƙofar filin jirgi ko ta gidan wasa. Mai sauraro zai ɗauka jiya aka fara wannan magana, alhali ta girmi yawancin masu yin ta.

Farkon labarin kowa ya haddace shi, ba sai na ja ba. An samu ƴanci a 1960 da Diori Hamani a kan kujera. A 1970 aka buɗe gadar farko a kan kogin Kwara a Yamai, aka sa mata sunan Kennedy, shugaban Amurka. Ranar 15 ga Afrilun 1974 aka kifar da Diori, mulki ya koma hannun soja ƙarƙashin Seyni Kountché. Seyni Kountché ya rasu a Nuwamban 1987, babban filin ƙwallon ƙasa ya ɗauki sunansa. Diori ya yi shekaru a tsare, ya rasu a Rabat ta Maroko a Afrilun 1989, yau kuma duk baƙon da ya sauka Yamai ta sama sunansa yake fara karantawa. Shi da Djibo Bakary ƴan gari ɗaya ne, Sudure, siyasa ta raba su tun kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, ga shi alluna sun sake haɗa su a birni ɗaya.

Ba mu kaɗai ke wannan ba. Filin jirgin Legas na ɗauke da sunan Murtala Muhammed, na Kano na Malam Aminu Kano, na Bamako na Modibo Keïta, wanda shi ma aka kifar, ya cika a tsare a 1977. Wanda ya fi ba ni abin tunani shi ne na Johannesburg. Da can sunansa Jan Smuts. A 1994 aka cire, aka ce daga yau ba za a ƙara sa wa filin jirgi sunan ɗan siyasa ba. Shekara 12 kawai maganar ta yi, a 2006 aka raɗa masa O. R. Tambo. Akwai kuma ƙasashen da suka juya wajen masu fasaha: New Orleans ta ba mai busa Louis Armstrong filin jirginta, tsibirin São Vicente na Kap Bar ya ba mawaƙiya Cesária Évora nasa a 2012. A Dakar, babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da aka buɗe a 1965 sunan ɗan wasa yake ɗauke da shi, Daniel Sorano.

Mu ma ba mu bar masu fasaha a baya ba, kuma wannan abin yabo ne. Oumarou Ganda, tsohon sojan Indocin da ya koma mai shirya fim, ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972, ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, babban gidan al'adun Yamai na amsa sunansa. Akwai gidan matasa na Djado Sékou, akwai makarantar kiɗa ta Alhaji Taya, a Tawa akwai gidan al'adu na Albarka Tchibaou. Sai dai ka tsai da taksi ka ce a kai ka wajen Oumarou Ganda, direba zai ɗan yi jim. Ka ce masa “Se-se-o-je”, wato CCOG, taƙaitaccen sunan gidan da Faransanci, ya gane nan take. Haruffa huɗu sun haɗiye mutumin. Wannan ne ya sa nake ganin ba wajen allo matsalar take ba, kuma in ana neman inda hanya ta karkata, 1991 za a koma.

Kowa ya san Taron Ƙasa da aka buɗe ranar 29 ga Yulin 1991 aka rufe ranar 3 ga Nuwamba. Ana tuna shi da jam'iyyu da yawa, da sakin baki, da gwamnatin riƙon ƙwarya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a wannan tsakanin ne abubuwa biyu suka yi kiciɓis a bakin ƙofa, ɗaya na shiga ɗaya na fita.

Mai fita ita ce samariya. Wanda bai kai shekara 45 ba da wuya ya gane girman abin, don haka bari in tsaya a nan. Samariya tsohuwar al'ada ce ta ƙasar Hausa, da sarkin samari da muƙarrabansa, masu gayya, masu share gari, masu haƙa kabari in an yi rashi. Daga tsakiyar shekarun 1970 aka farfaɗo da ita aka baza ta ƙasa duka, kowace unguwa da tata, kowane ƙauye da tasa. A cikin ayyukanta har da wasan kwaikwayo, wanda muke ce wa teyatur. Ina yaro a Tawa, bayan sallar isha ake share fili, a rataya fitila, a ɗaura zane tsakanin itace biyu ya zama labule. Ba rubutaccen wasa ake haddacewa ba. Ƴan wasa su zauna su tsara ƙashin labari, su raba wa kowa matsayinsa, sauran magana daga baki take fitowa, da karin magana da habaici da ba'a. Tela ne ke fitowa alƙali, mai gyaran keke ya fito boka, mushen lakwal ya fito ɗan ci-rani da ya dawo daga Abijan da rediyo a kafaɗa da tabarau, ba ko dala a aljihu. Mutanen Adar kuwa sun san wannan mutumin, a gidansu yake kwana, shi ya sa dariyar kan zo da ɗaci.

Kuma wasan yana da tsani. Unguwa ta kara da unguwa, wadda ta ci ta wakilci gari, daga nan zuwa jaha, daga jaha zuwa bikin matasa na ƙasa da ake yi cikin Afrilu, wanda ke zagaya manyan birane bi da bi. Jahohi bakwai ne a lokacin, kowace ta zo da ƴan wasanta da mawaƙanta da ƴan rawarta. Rediyo ya ɗauka, talabijin da ta zo daga baya ta nuna. A wannan ƙasa mai albarka ne irin su Yazi Dogo suka yi tashe daga Damagaram, har wasanninsu suka tsallaka iyaka ana kallo a Katsina da Kano.

Abin lura ga gardamarmu ta yau shi ne sunayen waɗannan ƙungiyoyi. Ba sunan mutum suke ɗauka ba. Sunan unguwa ne, ko na gari, ko na jaha. In an ce Tawa ta ci, tsohuwar da ba ta taɓa taka dandali ba sai ta rangaɗa guɗa, don nata ne. Mai kallo ya san ɗan wasa, ya san uwarsa, ya san inda yake sana'a da rana. Ba a buƙatar allo don a tuna da shi.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba, don na san za a tuna mini. Samariya ta wancan zamani tana jingine da mulki. Jigon wasa sau da yawa daga sama yake saukowa: tsadar aure, ci-rani, ɓarnar daji, sa ƴaƴa mata lakwal, haɗin kan ƙasa. Ana tara samari su yi tarbar manya a rana. Akwai abin da ba a faɗa a dandali, kowa ya san iyakarsa. Da aka kafa jam'iyya ɗaya a 1989, samariya ta zama ɗaya daga cikin ƙafafunta. Saboda haka da iskar sauyi ta kaɗa, matasa suka dube ta a matsayin rigar tsohon zamani, suka tuɓe ta. Ban ga laifinsu ba, mutumin da ya daɗe baki ɗaure ba ya tsayawa tantance abin da ke cikin ƙunshi. Amma a aljihun rigar nan akwai tsanin da na faɗa, kuma ba wanda ya zaro shi kafin a yar. Bikin matasa ya daina zuwa kowace shekara. Filayen samariya wasu suka zama wurin biki, wasu shaguna, wasu suka zauna haka nan.

Talauci ya ƙarasa sauran. Kuɗin uraniyom ya riga ya faɗi tun shekarun 1980, a Janairun 1994 kuma darajar sefa ta ragu da rabi. Samari suka koma fada, ƙungiyar ƴan shayi ta bakin titi, wadda ita ma a waɗannan shekaru ta yaɗu. Fada na da amfaninta, tana gadin unguwa, tana share kwata, amma ba ta gaji dandali ba. Gidajen bidiyo suka cika da finafinan Indiya, daga baya na Kano. Ƴan wasan da suka dage, irin su Tréteaux du Niger da Arène Théâtre ta marigayi Alfred Dogbé, sun yi aiki mai daraja da ɗan abin hannunsu. Da yawa kuma suka koma wasan faɗakarwa na kwangila, yau rigakafi, gobe zaɓe, mai biya shi ke zaɓen jigo.

Mai shiga ta ƙofar kuwa shi ne suna. Da baki ya buɗe, mutanen da a da ake ambata da raɗa suka dawo fili. Ɗalibai sun riga sun nuna hanya: bayan ranar 9 ga Fabrairun 1990, da ƴan uwansu suka rasa rayuka a gadar Kennedy, su da kansu suka riƙa ce mata gadar shahidai, ba su jira takarda ba. A 1992 jami'ar Yamai ta zama ta Abdou Moumouni, masanin hasken rana da ya rasu shekara ɗaya kafin nan. Aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu da ƴan tawayen arewa ranar 24 ga Afrilun 1995. Cikin Disambar shekarar Mano Dayak, ɗaya daga cikin shugabannin tawayen, ya mutu a haɗarin jirgi a duwatsun Ayar, filin jirgin Agadas kuma ya ɗauki sunansa. Mutumin da ya ɗauki makami, sunansa a ƙofar da baƙi ke shigowa. A ganina wannan dabara ce mai kyau, ƙasa ta gano cewa da suna ana ɗinke ɓaraka, ana ba iyali da yanki haƙuri ba tare da an furta kalmar ba. Daga nan hanya ta miƙe: gidan tarihi na Boubou Hama, jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ta Djibo Hamani a Tawa, ta André Salifou a Damagaram. Shi wannan na ƙarshe shi ya shugabanci Taron Ƙasa, kuma marubucin wasan kwaikwayo ne, ya rubuta wasa a kan Sarki Tanimun na Damagaram. Ɗaliban da ke shiga ta ƙarƙashin sunansa kowace safiya, nawa ne suka taɓa ganin an taka wasan nan a dandali?

Nan ne abin ke damuna. Raɗa suna yana da araha, fenti ne da ƙarfe da yinin biki ɗaya. Riƙe ƙungiyar wasa kuwa sai da fili, da kuɗin mota, da tuwon ƴan wasa, shekara bayan shekara. Ƙasar da aljihunta ya bushe ta ɗauki wanda take iyawa, mu jama'a kuma muka saba, har muka ɗauka karramawa ita ce allo. Filin jirgi bai damu ba, ko an san Diori ko ba a san shi ba jirgi zai sauka. Gidan wasa ba haka yake ba. In ba a wasa a ciki, sunan da ke ƙofa ba shi da mai faɗa wa yara ko wane ne.

Ko batun Rouch da Alassane da ake ta ja, masu jan sukan manta cewa mutanen biyu sun yi aiki tare, a wajen Rouch Alassane ya fara sanin kyamara. Rouch a hanyar Tawa ya rasu, kusa da Ƙwanni, a Fabrairun 2004. Alassane ya zauna Tawa shekaru da yawa, yana zana kwaɗinsa na katun, har ya rasu a 2015. Na yi murna da sunansa ya hau ƙofar nan. Na fi son in ji an ce ga daren da za a haska aikinsa a garin da ya zauna, kyauta, yara su cika fili.

A hutun da ya wuce na je Tawa gaida kawuna, wanda ya yi shekaru yana fitowa dogari a samariyar unguwarmu. Na ba shi labarin gardamar da ake yi a Yamai. Ya saurara har na gama, sannan ya aiki jikarsa ta jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai riga ja da kore, da rawani, da bulalar da bai taɓa dukan kowa da ita ba.

Na ce, “Kawu, akwai kaset ɗin wasanninku?”

Ya ce, “Wa ya ɗauka, ɗana? Mu goma sha huɗu ne. Saura mu uku.”

Jikar ta ɗaga rigar tana dubawa, ta tambaye shi ko shi soja ne a da. Ya karɓa ya sa a kan ta jikinsa, ya naɗa rawanin, ya miƙe da ƙyar. Sai ya gyara murya ya yi kirarin shigowar sarki, tun daga farko har ƙarshe, bai ci tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Matan gidan suka bar girki suka fito tsakar gida.