Mene ne saitokin, kuma me ya haɗa shi da kansar ƙwaƙwalwa?

Saitokin ƙananan furotin ne da ƙwayoyin jiki, musamman na garkuwa, ke fitarwa don aika wa juna saƙo. Stanley Cohen ne ya raɗa musu sunan a 1974. Kowanne yana da gurbin da yake maƙalewa a jikin ƙwayar da aka aike shi gare ta, daga nan sai ya umarce ta: ta hayayyafa, ta yi ƙaura, ta tayar da kumburi, ko ta lafa.

A giliyobilastoma, kansar ƙwaƙwalwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a mataki na 4, wato mafi tsanani, ƙarin da kansar ke haifarwa ne ke ƙwace wannan hanyar saƙo. Yana fitar da saitokin CSF-1 da CCL2, su kuma su janyo maikurogiliya, wato masu gadin ƙwaƙwalwa, tare da makurofej, ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye cuta, daga jini. Waɗannan kan kai kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ƙwayoyin da ke cikin ƙarin. Da yaƙi suka zo, amma sai su koma yi masa hidima.

Akwai kuma wasu saitokin. IL-6 yana kunna furotin STAT3 a cikin ƙwayar kansa, ta yi ta rabuwa kuma ta ƙi mutuwa. IL-8 yana taimakawa wajen tsiro da sabbin jijiyoyin jini da ke ciyar da ƙarin. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne TGF-beta, domin aiki biyu yake yi: yana kashe wa ƙwayoyin T, wato sojojin garkuwa masu kashe ƙwayoyin kansa, kaifi, yana kuma ƙara MMP-2 da MMP-9, sinadaran da ke narkar da abin da ya ɗaure ƙwayoyi wuri guda. Da hanya ta buɗe, sai ƙwayoyin kansa su riƙa silalewa ɗaya-ɗaya ta gefen jijiyoyin jini da farin ɓangaren ƙwaƙwalwa, inda hoton MRI ba ya nuna su. Shi ya sa ko an yi tiyata, ciwon galibi yakan dawo cikin santimita biyu daga bakin inda aka yanke.

Toshe saitokin guda bai wadatar ba. An gwada maganin galunisertib don toshe TGF-beta, bai ƙara wa marasa lafiya kwana ba. Idan an rufe hanya ɗaya ƙarin yakan bi wata, ga shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa yana tare magunguna da yawa. Hatta dexamethasone da ake bayarwa don rage kumburi yana raunana garkuwa, don haka likitoci ke ba da mafi ƙarancin adadin da zai yi aiki.